Koya wa 'yan firamare ɗaukar hoton labari: jawwal (wayar hannu) biyar sun isa?

Ummu Hanan, Jidda
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masu sana'a nake nema. Akwai ajin Asabar na yaranmu a nan Jidda, yara 20 ne, 'yan aji huɗu zuwa shida na ibtida'i, maza da mata. Ana so a ware musu mako takwas, awa ɗaya da rabi duk Asabar, su koyi ɗaukar hoto irin na 'yan jarida, a ƙarshe a kafa hotunan a bango iyaye su zo su gani. Abin da ke hannu shi ne tsofaffin jawwal biyar da iyaye suka bayar da kwamfuta ɗaya. Ta ina ake farawa? Kuma biyar ɗin sun isa ko sai an yi karo-karo an sayi kyamara?

Baba Mai Kyamara
Wa alaikumus salam Malama. Kada a sayi komai, biyar ɗin sun wadatar. Babbar kyamara a hannun ɗan shekara tara ɗawainiya ce: ga murfin da zai ɓata, ga maɓallan da zai yi ta latsawa, ga malamar da hankalinta zai koma kan kuɗin kaya ta bar yaro.

Asabar ta farko ma kada jawwal ya fito daga jaka. A samo kwalin bagala, wato shagon kayan masarufi, a yanka wa kowane yaro nasa, a fafe taga a tsakiya, santimita 8 a kwance, 6 a tsaye, don fasalin hoton jawwal ke nan, huɗu bisa uku. Yaro ya rufe ido ɗaya, ya miƙa hannu, ya leƙa ta tagar. Sai ki ce: nuna mini ƙofar ajin nan duka da waɗanda ke bakinta. To yanzu mutum ɗaya, daga ƙugu zuwa kai. To yanzu hannunsa kaɗai da abin da ya riƙe. Sharaɗi ɗaya ne: ba ya lanƙwasa hannu ya matso da kwalin, ƙafarsa ce za ta yi tafiya. Hotuna uku ke nan da kowane labari ke tsayawa a kansu. Na nesa ya nuna wuri, na tsakiya ya nuna wa ke yin me, na kusa ya nuna abin da mai wucewa ba zai lura da shi ba.

Sai gefuna. Yaro tsakiya kawai yake kallo. Ki sa shi ya faɗi da baki abin da ke kowace kusurwa ta tagar kafin ya ce ya ɗauka. Nan zai ga kwandon shara, da sandar fitilar da ta tsiro a kan abokinsa, da ƙafar da ya yanke daga idon sawu.

Abu Yasir
Baba ya fara da ido, ni kuwa da biro zan fara. Abin da ya raba hoton jarida da hoton Sallah shi ne rubutun da ke ƙasansa. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, me yake yi, a ina, yaushe, edita ba ya karɓarsa komai kyansa.

Malama, jawwal biyar ga yara 20 ma gyara ne a gare ki. Huɗu-huɗu ke nan, kuma kowa da aikinsa: mai ɗauka, mai yin sallama ya nemi izini ya yi tambaya, mai rubuta amsa a littafi, da mai lura da baya, wanda zai hana su tsayawa a kan hanya kuma ya riƙa ƙirga hotuna. Kowa ya ɗauki uku ɗin da Baba ya faɗa sai a juya. Hoto 12 ke nan ga kowace ƙungiya, 60 ga aji duka. Sittin kina iya dubawa ɗaya bayan ɗaya a daren Asabar. In kika sake musu mara, 600 za su kawo miki, rabinsu takalmi ne da silin.

Bayanin ƙasan hoto jimla biyu ne. Ta farko ta faɗi abin da ake gani, da wuri da rana. Ta biyu ta ƙara abin da hoton ba zai iya nunawa ba, wanda aka ji daga bakin mai abin. Misali: "Mai gasa tamis yana manna gurasa a bangon tanderu a wani shago kusa da makarantarmu, Jidda, safiyar Asabar. Ya ce tun kafin asuba yake kunna wuta." Inda yara ke zamewa kullum shi ne rubuta abin da ke ransu: yana baƙin ciki, talaka ne, ya gaji. Ki riƙa tambayarsu, ka gani ko an gaya maka? In ba ɗaya cikin biyun, a goge. Suna kuma mai rubutu ya maimaita wa mai shi da ƙarfi kafin su bar wurin, don Hassan da Hussaini a littafin yaro ba su da wuyar musanya.

Ummu Hanan, Jidda
Allah ya saka. Amma Abu Yasir, ba ka ganin rubutun zai kashe musu sha'awa? Jawwal ɗin suke ɗoki.

Abu Yasir
Zai rage ɗoki a makon farko, daga baya shi ne zai riƙe su, don yaro yana son a ce shi ya gano wani abu. Ki ba su labarin Lewis Hine. Malamin makaranta ne a birnin New York, daga 1908 ya shiga ɗaukar hoton yaran da ake sa wa aiki a masaƙu da ma'adinai a Amurka. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, ba ya iya fito da abin awo, sai ya riƙa auna tsawon yaro da maɓallan rigarsa, ya rubuta shekaru da awannin aiki a ɓoye. Ba don wannan rubutun ba, da an ce hotunan tausayi ne kawai, da shi suka zama hujja. Yara suna jin wannan labarin sosai domin tsararrakinsu ne a cikin hotunan.

Ɗan Madina
Ni kan na'urar zan tsaya, don nan ake yin kuka daga baya. Kafin yaro ya taɓa jawwal ɗin nan Malama:

A cire layi, a kwashe hotunan masu shi a ba su, a mayar da shi kamar sabo daga kamfani. Tsohon jawwal ɗin gida cike yake da hotunan iyali, kuma yaro sai ya leƙa. A sa alamar jirgin sama a bar ta. A shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri, don in tana kunne kowane hoto yana ɗauke da inda aka tsaya aka ɗauke shi, har ƙofar gida. A kashe filashi, a kashe gyaran fuska wanda wasu Android ke kunnawa da kansu, a kunna layukan raga masu raba allo gida tara. A duba kwanan wata da agogo, tsohon jawwal da ya daɗe a kashe yakan tashi da kwanan da ba shi ba, ya rikita miki jerin hotuna.

Akwai hanyar kulle jawwal a kan kyamara kaɗai. iPhone yana da ita a sashen sauƙaƙa amfani, Android kuma ana maƙale manhaja ɗaya a allo, ba a fita sai da lambar sirri. In akwai iPhone a ciki a mayar da nau'in hotonsa JPEG, in ba haka ba tsohuwar kwamfuta tana iya ƙin buɗewa.

A manna wa kowane jawwal lamba 1 zuwa 5 a baya. Duk yaron da zai karɓa, hotonsa na farko ya zama na takarda mai sunansa. Ba ya cikin ƙirge. Da haka in kin zuba a kwamfuta kin san duk abin da ya biyo bayan takardar na wane ne, babu gardamar ni na ɗauka.

Kada a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa ƙarfi, in aka zo bugawa sai ya fashe. A haɗa jawwal da kwamfuta da wayar caji a zuba kai tsaye.

Baba Mai Kyamara
Ɗan Madina ka manta zafi da raɓa.

Ɗan Madina
Haka ne Baba. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Makka da Madina bazara tana haura 40. Tsohon batir a rana minti kaɗan ne allo ya dushe, kyamara ta rufe kanta. A riƙe shi a jakar yadi, a fito da shi lokacin ɗauka kawai, kada a ajiye a gaban mota. Ku na Jidda kuma taku matsalar laima ce. Jawwal ya sha sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a fita da shi waje, sai gilashin kyamarar ya yi gumi, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. Gogewa ba ta magani, yana sake dawowa. A fitar da jakar waje cikin inuwa minti 10 zuwa 15 kafin a fara. Kuma kowace ƙungiya ta sami ƙyallen goge tabarau, don yatsan yaro da ya ci mutabbaƙ yana kan gilashin nan.

Ummu Hanan, Jidda
To ga wata. Hotunan gwaji na cikin aji sun fito dishi-dishi, wasu da ratsi-ratsi. Na tsakar makaranta kuma taub, wato farar doguwar rigar maza, yana ƙyalli, fuskar yaro baƙi ƙirin, sai haƙora. Jawwal ɗin ne suka tsufa?

Baba Mai Kyamara
Ba tsufa ba ne Malama, sabo ma haka zai yi. Matsala biyu ce daban-daban.

Ta cikin aji ƙarancin haske ce. Idonmu yana ganin ɗakin da haske, kyamara ba ta gani haka, sai ta bar idonta a buɗe ya daɗe, kamar kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ko ma fiye. Duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin, hannun mai ɗauka ko kan wanda ake ɗauka, sai ya shafe. Mai tafiya yana buƙatar kashi ɗaya cikin 250, mai gudu ɗaya cikin 500, kuma jawwal ba ya kai nan sai da haske mai yawa. Magani: a matsa bakin ƙofa ko taga, mai ɗauka ya ba wa hasken baya ko gefe. Ya manne gwiwar hannu biyu a haƙarƙari, ya latsa maɓallin ƙara sauti maimakon dungurin allo. Ya kuma jira inda motsi ke tsayawa, kamar lokacin da malami ya ɗora alli a allo kafin ya ja. Ratsin kuma daga fitila ne. Wutar ƙasar nan mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, wasu fitilun suna ƙiftawa da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. In rana ta isa ɗakin, a kashe fitilar kawai.

Ta waje ita ce wadda ya kamata a ba Asabar guda cur, domin ta shafi yaranmu kai tsaye. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta raba tsaka. Ga farin taub, ga farin bango, ga siminti yana mayar da rana, sai ta ce haske ya yi yawa ta rage. Wanda zai biya kuɗin ragin nan shi ne fuska mai duhun fata. Abin da za a koya wa yaro: ya taɓa fuskar a allo, alamar rana za ta fito, ya ja ta sama kaɗan har sai ya ga idanu da kumatu. Taub zai ƙone ya yi fari fat, a bar shi, ba taub aka zo gani ba. Wanda ya fi wannan shi ne a shiga inuwar gini wadda ke fuskantar fili, hasken da siminti ke mayarwa ya cika fuska lumui. In hoton tsayawa ne, abokin aiki ya riƙe farin kwali a ƙasan ƙirjin mutumin, daga gefe, ya karkata shi har ya ga haske ya hau haɓa.

Ga ƙa'idar da yaro zai riƙe ba sai da agogo ba: ya dubi inuwarsa. In ta fi shi gajarta, rana tana ka, ido zai faɗa rami, a nemi inuwa. In ta fi shi tsawo, a ɗauka. Saboda haka in da hali a sa fita a farkon darasi da safe, rubutu ya biyo baya.

Yayan Ammar
Shawara: a kai su Balad, tsohon garin Jidda. Tun 2014 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, ga rawashin, wato tagogin katako na tsofaffin gidaje, ga kasuwar Alawi. Sannan ga iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin titi a unguwanni, gyaɗa da yaji da turare. Labarin al'ummarmu ke nan, yara su ɗauko shi.

Hajiya Ta Misfala
Yayan Ammar, Balad na yarda, in da manya biyu ga kowace ƙungiya. Masu kasa kaya kuwa a'a, kuma ba a'a ta wasa ba. Kai ma ka san me ya sa mace ke naɗe tabarmarta in ta hango motar baladiyya, wato hukumar gari. Cikinsu akwai wadda iƙamarta, wato takardar izinin zama, ba ta cika ba. Hoton da yaro ya ɗauka da zuciya ɗaya, wani baƙo ya ɗauke shi daga bango ranar nuni ya sa a Snapchat, ga fuska ga kwanar titi. Wa zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya? Ɗan shekara goma?

Malama Ummu Hanan, kafin kwali ma takarda ce ta farko. Kowane uba ko uwa ya sa hannu, kuma a raba tambayoyin, kada a dunƙule su: na yarda ɗana ya ɗauki hoto, na yarda a ɗauke shi, na yarda a kafa fuskarsa a bangon makaranta, na yarda a sa a intanet. Za ki ga gidan da ya yarda da uku ya ƙi na huɗu, da gidan da ya yarda 'yarsa ta ɗauka amma kada a ɗauke ta. Ni a ganina ma a cire na huɗun gaba ɗaya, nunin ya tsaya a bango. Yaran da ba a yarda a ɗauke su ba a ɗaura musu zare mai launi a hannu, don mai lura da baya ya gane su ba sai an yi ta kiran suna ana kunyata su ba.

Kuma a sani doka ce. Dokar laifuffukan intanet ta 2007, sashe na 3, ta sa hukuncin ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar jawwal. Ba a ɗaukar mace ko iyali a hanya, ba a ɗaukar 'yan sanda, shingen bincike ko ginin hukuma. A rubuta wannan a bangon littafin kowace ƙungiya.

Abu Yasir
Hajiya, a kan masu kasa kaya ban da ja. Amma ina tsoron a tsaurara har aikin ya koma hoton tukwane da tagogi. Aikin jarida mutane ne. In yaro bai koyi tsayawa gaban babba ya yi sallama ya ce ga abin da muke yi, ka yarda, ba, to bai koyi rabin sana'ar ba.

Hajiya Ta Misfala
Ya koya, amma a gaban wanda ƙin yarda ba zai yi masa wuya ba, yarda kuma ba za ta cutar da shi ba. Mai gadin makaranta, direban bas, mai shagon da iyaye suka riga suka yi wa magana, tela, kaka a gida. Kuma babba ya riga ya je shi kaɗai jiya ya nemi izini na gaskiya. Mutum yana jin nauyin ya ce wa yara huɗu a'a suna kallonsa, sai ya yarda da baki ransa bai so ba.

Abu Yasir
Wannan tsarin ya yi. Sai dai a bar yaro ya sake tambaya da bakinsa, kuma bayan ya ɗauka ya juya allon ya nuna wa mutumin. In ya ce a goge, a goge a gabansa. A yi gwajin wannan a aji tukuna, malama ta zama mai shago ta ƙi, don su saba da jin a'a su ce mun gode su wuce.

Malam Na Jarwal
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma iyaye za su taɓo shi. Malamai sun saɓa a kan hoton mai rai da kyamara, wasu sun hana sai da larura, wasu sun halatta. Ajin yara ba wurin yanke wannan ba ne, kuma kada a sa yaro ya ji gidansu ne baya. Wanda iyayensa ke kan hani a ba shi labarin da babu fuska, kuma kada a ɗauke shi ƙaramin aiki. Hanyar da ruwa ke bi daga tankar mota zuwa tankin gida labari ne. Yadda ake yin ful, wato dafaffen wake, tun daga tulun ƙarfe har faranti labari ne. Rataye hoton mutum a bango ma wasu da suka yarda da ɗauka ba sa so, shi ya sa rabe-raben Hajiya ya yi daidai.

Sannan a nuna musu cewa abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammad Sadiƙ Bey, hafsan sojan Masar, ya ɗauki hoton Madina a 1861, na Makka a 1880. A shekarun 1880 kuma akwai likita ɗan Makka, Abdulgaffar, da ya ɗauki garin da mahajjata. A buga biyu a ajiye musu, a tambaye su me suka gani a ciki wanda yau babu. Yaron da ya san Harami na yanzu zai daɗe yana kallo.

Baba Mai Kyamara
Allah ya gafarta Malam, wannan ya fi kowace lacca. A haɗa shi da ranar kwali.

Yayan Ammar
To na janye masu kasa kaya. Amma me zai hana a bi hanyar Wendy Ewald, mai ɗaukar hoto 'yar Amurka? A shekarun 1970 ta riƙa ba yara kyamara a Kentucky ta Amurka, su ɗauki kansu, da iyalinsu, da unguwarsu, har da mafarkinsu su shirya shi su ɗauka. Yara suna son shiryawa.

Abu Yasir
Aikinta mai kyau ne, kuma kai da iyali da unguwa jeri ne mai amfani. Amma mafarkin da aka shirya ba labari ba ne, kuma nan ne yaro ke rikicewa. In za a yi, a ba shi bangonsa daban a rubuta an shirya. A ɓangaren labari ba a cewa sake yi ban kama ba, ba a matsar da kofi don ya fi kyau, ba a cewa yi murmushi. Hoton da mutum ya tsaya ya kalli kyamara halal ne, kowa ya gani ya san ya tsaya ne. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne a sa tela ya yi kamar yana ɗinki alhali keken a kashe yake.

Dabarar da ke hana shiryawa ita ce jira. Minti biyu na farko kowa yana ƙame, yana gyara hula. Mai tambaya ya ci gaba da hira, mai ɗauka ya riƙe jawwal a ƙirji bai ɗaga ba. Da abokin ciniki ya shigo, mai shago ya manta da su, lokacin ke nan.

Gyara bayan ɗauka kuma abu biyu kawai: yanke gefe da ƙara ko rage haske kaɗan. Babu filta, babu goge mutum ko wayar lantarki, ko da jawwal ɗin yana da maɓallin yin haka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar masa hoto saboda ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, ya kuma janye hotunansa sama da 900. Harin ya faru, hayaƙin ma akwai shi, ƙarin ne ya jawo.

Baba Mai Kyamara
Farin kwalin da na ce fa Abu Yasir, kada a ce shi ma shiri ne.

Abu Yasir
A hoton tsayawa babu laifi Baba. A tsakiyar aiki ne ba a kutsa shi.

Ummu Hanan, Jidda
Saura harshe. Yawancinsu suna jin Hausa a gida amma da Larabci suke karatu, boko sai ƙalilan.

Malam Na Jarwal
Su rubuta da Larabci a littafin fita, don shi ne hannunsu ya fi sauri a kai, kuma sauri ake so a gaban mai magana. In mutumin da Hausa ya yi magana, su rubuta kalamansa da haruffan Larabci yadda suka ji. Ajami ke nan, kakanninsu da shi suka yi wasiƙa.

Abu Yasir
A littafi na yarda. A bango dai a sa biyu, Larabci a sama, Hausar boko a ƙasa, malama ta taimaka. Akwai iyayen da suka zo da girmansu daga Kano ko Damagaram, boko suke karantawa. Amma kada fassara ta zama hanyar da babba zai gyara wa yaro magana ta koma tasa. A gyara harafi, a bar jimla.

Hajiya Ta Misfala
Wurin zaɓe ne ake kuka, a shirya masa. In aka ce a ɗaga hannu, abokai za su zaɓi abokai. A nuna hotunan a kwamfuta babu suna, kowanne a yi masa tambaya biyu: me ke faruwa a nan, kuma me ya nuna maka haka? Hoton da aji ya kasa amsawa ya faɗi da kansa ba tare da an ce ba shi da kyau ba. Kowane yaro dole ya sami hoto ɗaya a bango da sunansa a ƙasa, sannan kowace ƙungiya ta jera labarinta na hoto biyar: na nesa ya buɗe, biyu na tsakiya, na kusa ɗaya, da wanda ke nuna ƙarshen aikin. Hoto 45 ke nan duka. Biyu masu kama da juna ba sa shiga tare, ko da duka sun yi kyau, kuma a bar yaran su yi wannan gardamar da kansu.

Ranar nuni a sa sanarwa a ƙofa cewa ba a ɗaukar bangon da jawwal, a kuma tsayar da babba a wurin. Bayan an gama kowane yaro ya tafi da nasa na takarda, na cikin jawwal da kwamfuta a goge waɗanda ke da fuskar 'ya'yan wasu.

Ɗan Madina
Kan bugawa. Girman santimita 10 da 15 bai buƙatar fiye da megafiksel biyu, don haka kowane tsohon jawwal ya isa. Na A4 yana son wajen takwas zuwa tara in ana so ya fito tas, a nan ne wanda aka ja da zum ko aka yanke da yawa zai tona kansa. Abin da ke ba mutane haushi shi ne fasali. Jawwal huɗu bisa uku yake ɗauka, takardar 10 da 15 kuwa uku bisa biyu ce, injin sutudiyo sai ya cika takardar ya yanke kusan kashi 11 cikin 100 daga sama da ƙasa. Yaron da aka koya wa lura da gefuna ya ga an sare wa telansa hula. Ki ce wa mai shagon ya buga hoton duka ya bar farin gefe, kuma a fara buga guda uku na gwaji, don takarda takan fi allo duhu, fuskokin da Baba ya yi magana a kansu su ne farkon nutsewa. In sun yi duhu a ƙara haske kaɗan a duka kafin a buga sauran. A zaɓi takarda marar ƙyalli saboda fitilar ɗaki da yatsu.

Ummu Hanan, Jidda
Da salatif za a manna ko da gam?

Ɗan Madina
Ko ɗaya. Laimar Jidda tana sakin salatif cikin dare, gam kuma yana sa takardar ta kumbura. A ja igiya biyu a jikin bango a maƙale da abin shanya, ko a soka ƙananan fil a kusurwoyi kan allon kwali. Tsayin igiyar ya zama daidai idon yaran, wajen santimita 120 zuwa 130 daga ƙasa, bayanin kuma a rubuta shi da manyan haruffa a kati daban a ƙarƙashin kowane hoto, yadda kaka za ta karanta ba sai ta nemi tabarau ba.